Malam Da-Saura da Gonar Igiya Arba'in

Da kakar bana shekara ashirin da biyu ke nan da muka kai yayana, Malam Isiyaku, makwancinsa a ƙauyenmu da ke gefen Yankwashi. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in sake ajiyewa. Ba abin faɗa na rasa ba. Matsalar ita ce babu yadda zan ba da labarinsa da gaskiya ba tare da na ba da nawa ba, nawan kuwa ba shi da daɗin ji. Akwai wata safiya da na kusa cinye gonar ƙanwata da lissafi, lissafin da babu kuskure ko ɗaya a cikinsa, kuma shi ne ya tsayar da ni. Bana na ga idona ya fara gajiya, na ce gara in faɗa tun ina iya ganin layin takarda.

Yaya ya girme ni da shekara goma. Lokacin da ake ta shirin karɓar mulkin kai, shi ya riga ya gama makarantar horon malamai, an tura shi Roni yana koyar da lissafi a firamare. Babanmu ya ɗauke ni ya damƙa masa, saboda haka a gida yayana ne, a aji kuma malamina, ko ta ina ba ni da wurin ɓuya. Dogo ne siriri, aljihun rigarsa kullum fari fat da garin alli, maganarsa kuma a hankali take fita, har in kana sauri sai ka ji kamar ka ƙarasa masa. Ni kuwa da gaggawa aka halicce ni. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce da za a haɗa ni da shi a raba biyu, da ta sami 'ya'ya biyu masu daidaiton hali.

Yana da wata al'ada ta ranar Alhamis. Zai rubuta tambaya biyar a allo, amma a cikinsu akwai ɗaya, wani lokaci biyu, wadda ba za ta warwaru ba domin bayanin da ya bayar bai isa ba. Ba zai gaya mana ko wacce ce ba. Wadda ta fara kama ni har yau ina tuna ta. Jaki ya tashi daga Roni da hantsi ɗauke da buhun gero biyu, mai jakin yana da 'ya'ya huɗu, awa nawa zai yi kafin ya isa Kazaure? Na dubi biyu, na dubi huɗu, na ce a raina ai malami ba zai ba mu lamba a banza ba. Na ninka su, na rubuta awa takwas, na ja layi biyu a ƙasa, na riga kowa miƙa takarda. Ya duba, sannan ya tambaye ni a gaban aji ko 'ya'yan mai jakin ne za su riƙa tura shi. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Amsar da yake nema kalma biyu ce, da saura, sannan ka rubuta abin da ya saura, wato nisan hanyar da saurin jakin. Daga nan ne sunan ya bi shi, har iyayen yara ma Malam Da-Saura suke ce masa a bayan idonsa.

Malalatan ajinmu sun zaci sun sami hanyar hutu. Duk tambayar da ta yi musu wuya sai su rubuta da saura su miƙe ƙafa. Bai bar su sun ji daɗin abin ba. Sai ya kawo tambayar rijiya mai zurfin gaba goma sha biyu, ruwa ya hau gaba uku, ya cika ta da surutun launin guga da sunan unguwa, ya ce igiya mai gaba nawa za ta taɓa ruwa. Wanda ya ce da saura a nan ya faɗi, domin duk abin da ake bukata yana ciki, ɗebewa ce kawai, gaba tara. A wurinsa laifi biyu ne masu nauyi ɗaya: ka ba da amsa alhali bayani bai isa ba, ko ka ƙi ba da amsa alhali ya isa. Kafin ka taɓa alƙalami sai ka tambayi kanka me aka ba ka, me ake nema, kuma ko abin da aka ba ka zai kai ka can.

Wata rana wani mai duba makarantu ya shigo ajin, ya ga irin wannan tambaya a allo, ya ce ɓata wa yara lokaci ne, tunda jarrabawa ba ta kawo tambayar da ba ta da amsa. Yaya ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne, jarrabawa ba ta kawowa. Amma in sun gama jarrabawar gida za su koma, can kuwa ba wanda zai tace musu tambaya kafin ta iso su." Mutumin ya yi rubutu a littafinsa ya fita. Ban san abin da ya rubuta ba, na dai san Yaya ya daɗe bai zama shugaban makaranta ba, tsararrakinsa duk sun riga shi.

Yanzu in na zauna a ƙofar gida ina kallon yadda ake lissafi, nakan yi tunanin abin da zai ce. Kowa da waya a hannu, ka danna lamba ta ba ka amsa kafin ka ƙifta ido. Na tabbata ba zai ƙi ta ba, domin mutum ne mai son kayan aiki, ya riƙe rula guda ta katako sama da shekara talatin. Abin da zai dame shi shi ne wayar ba ta taɓa cewa da saura. Ka ba ta buhu biyu da 'ya'ya huɗu, za ta ba ka takwas ɗinka, ba ta san da wani jaki ba. Takardun jarrabawar jikokina kuma amsa huɗu ake jera musu su zaɓi ɗaya, har yaro ya tashi da imanin cewa duk tambayar duniya amsarta tana nan a gabansa, nasa kawai ya yi sa'ar dangwala ta. Manya ma haka muke. A turo mana rabin labari a waya, kafin la'asar mun yanke hukunci, mun raba laifi, mun tura wa mutum goma.

Ban isa in yi wa kowa gori ba, domin ni da na zauna a ajinsa shekara biyu na yi abin da ya fi haka. A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan na gama makarantar aikin gona, aka ɗauke ni malamin gona, aka ba ni babur. In na shigo ƙauye da hula a karkace, ji nake duk wanda ke riƙe da fartanya jira yake in koya masa noma. A lokacin an kawo takin zamani da sabon irin gero, ana son kowane malamin gona ya samu fili ya yi gonar gwaji don manoma su gani da idonsu. Na ƙudura cewa tawa a ƙasarmu za ta kasance, a bakin hanya, inda duk mai zuwa kasuwa zai tsaya ya tambaya ta wace ce.

Cikin bazarar wannan shekarar Allah ya yi wa babanmu rasuwa. Ya bar gona ɗaya babba, da mu 'ya'yansa uku, ni da Yaya da 'yar'uwarmu Hansai da ke aure a Babura, sai matarsa, Inna Hajara. Mahaifiyarmu ta riga shi da daɗewa. Inna Hajara Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Gwiwa, mace mai hankali da kawaici, wadda za ka yini a gidan ba ka ji muryarta ba. Ta yi aure a can baya ba ta haihu ba, ta shekara bakwai a gidanmu ba ta haihu ba. Kowa ya riga ya gama magana a kanta a zuciyarsa, an sa ta cikin waɗanda Allah bai nufa da haihuwa ba.

Ana gama sadakar arba'in na matsa a raba gado, domin hadari ya fara haɗuwa a gabas, ni kuma ina son in san filina kafin ruwan shuka. A wajenmu da igiya ake raba gona. Ana auna faɗinta ta bakin hanya, a yanka wa kowa nasa ya miƙe har ƙarshen gonar, a kafa turaku, in ruwa ya sauka a dasa gamba a kan iyaka. Gamba kuwa in ta kama, ta kama ke nan. Ban taɓa ganin wanda ya tumɓuke gambar iyaka aka kwashe lafiya ba. Na auna gonar da kaina, ta ba da igiya arba'in cif. Na zauna na yi lissafi a takardar ofis. Tumunin mata, wato kashi ɗaya cikin takwas, igiya biyar ke nan na Inna Hajara. Saura talatin da biyar. Namiji yana da rabon mace biyu, mu maza biyu da mace ɗaya, kashi biyar ke nan, kowane kashi igiya bakwai. Ni sha huɗu, Yaya sha huɗu, Hansai bakwai. Ko ɗigo bai ragu ba. Na dubi takardar na ji daɗi, har na ce wannan gona kamar don rabon nan aka yi ta.

Ranar rabon da safe muka hallara a bakin gonar, da Liman, da mai unguwa, da dattawa uku, da mijin Hansai a madadinta. An kawo igiya, an sassaƙa turaku. Liman ya tambaya ko magada su ke nan, muka ce su ke nan, ya duba takardata ya ce rabon ya yi daidai da shari'a. Yaya ne ya iso a ƙarshe a kan kekensa daga Roni. Ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba, ni kuwa ina ta duba agogo. Na miƙa masa takardar don ya sa albarka. Ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama.

"Lissafinka daidai ne, Garba," in ji shi. "Amma da saura."

Na ce, "Me ya saura kuma, Yaya? Ga gona, ga igiya, ga magada huɗu."

"Wa ya gaya maka huɗu ne?"

"Ƙirga mu mana."

"Na ƙirga waɗanda ake gani," ya ce. Sai ya juya wajen Liman, ya rage murya. "Allah gafarta Malam, kwana arba'in da 'yan kai ke nan da rasuwar Baba. An tambayi Inna ko tana ɗauke da wani abu?"

Mai unguwa ya shiga gyaran hularsa, dattawan suka sunkuyar da kai suna kallon ƙasa. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai yi mamaki, amma a wajenmu ɗa ya ambaci cikin matar ubansa a gaban maza abu ne mai nauyin gaske. Ba wanda ya tambaya, domin babu bakin da zai iya tambayar. Ita kuma Inna Hajara, ga takaba, ga kunyar Fulani, ga shi in ma akwai to na fari ne, ko wuƙa aka sa mata ba za ta aiko wa 'ya'yan mijinta da irin wannan magana ba. Kowa ya yi shiru don ladabi, ni kuma na ɗauki shirun na rubuta shi a takarda a matsayin babu.

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Yaya, nan fa ba ajinka ba ne, mu kuma ba 'yan firamare ba ne. Matar da ta shekara bakwai shiru, yau ne don za a raba gona za ka ƙirƙiro mata ciki?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ban ce akwai ba, ban ce babu ba. Na ce ba mu sani ba." Sai ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya fara zane. In babu ciki, rabona igiya sha huɗu, kamar yadda na rubuta. In akwai kuma aka haifi namiji, kashi bakwai za a yi, rabona ya koma goma. In mace ce, kashi shida, rabona sha ɗaya da wani abu. In tagwaye ne, wani lissafin ne dabam. Ya ɗago ya dube ni ya ce tambaya ɗaya ga amsa uku har da ta huɗu, a ajinsa me ake rubutawa? Liman ya yi gyaran murya ya ce gaskiyar Malam Isiyaku ce, in ana zaton ciki ba a raba gado sai an haihu, kuma shi ma ya kamata ya tambaya tun farko. Aka naɗe igiya.

Aka tura Gwaggo Delu, ƙanwar babanmu, ta shiga ɗakin takaba ta tambaya. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta same mu a zaure ta ce, "Ni dai ban ji i ba, ban ji a'a ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce Allah ne masani." Na yi wuf na ce to ai shi ke nan, da akwai da ta faɗa. Gwaggo ta harare ni ta ce, "Kai da ka san mata haka, me ya hana ka shiga ka tambaya da kanka?" Yaya ya ce abin da muka sani da safe shi muka sani yanzu, ba abin da ya ƙaru, saboda haka a jira.

Ruwa ya sauka bayan kwana tara. Muka noma gonar a haɗe, gandu, kamar yadda ake yi Baba yana da rai. Gonar gwajina kuwa sai a filin wani mutum na yi ta, can cikin lungu inda ba mai wucewa, abokan aikina suna ta tsokanata wai malamin gona ba shi da gona. Na ɗauki abin da zafi. Duk daminar nan ban taka Roni ba. In mun haɗu a ƙauye sai in gaishe shi a tsaye, gaisuwar da ba ta wuce kalma uku, in hau babur in tayar masa da ƙura. Shi kuwa ko sau ɗaya bai fasa tambayata lafiyar iyali ba.

Wajen tsakiyar damina Gwaggo Delu ta kira ni gefe ta ce abin ya fito, mata duk sun gani. Zan so in ce nan take na tafi na ba Yaya haƙuri, amma ƙarya zan yi. Kunya ce ta kama ni, kunyar kuma ta fito da kamar fushi, na ƙara nisanta da shi. Bayan an gama yankan gero Inna Hajara ta haifi 'ya mace. Aka sa mata Amina, amma har yau Auta kowa ke ce mata.

Na sha gaya wa kaina cewa ko da an raba gonar a ranar, ai da an gyara daga baya. Yanzu da na tsufa na daina yi wa kaina wannan ƙaryar. Na san halina a wancan lokacin. Da an kafa turaku, da na zuba takin gwamnati a igiya sha huɗuna, da gamba ta kama. In an zo da maganar jaririya, ba zan ce na ƙi ba, ni ba azzalumi ba ne a bakina. Zan ce a bari a cire amfanin gona. In an cire zan ce a bari baɗi. Inna Hajara kuwa za ta goya 'yarta ta koma rugarsu ta wajen Gwiwa, kuma har ta mutu ba za ta buɗe baki ta nemi ko taku ɗaya na gonar ba. Wa zai tayar da iyaka, ya ɓata tsakanin 'yan'uwa maza, saboda jaririya mace da ke can wata ruga? A hankali maganar za ta mutu, ni kuma in ci gaba da noma haƙƙin marainiya ina sallah a sahun gaba, takardata tana nan a adane mai nuna cewa lissafi ya yi daidai.

Da rani aka sake taruwa a bakin gonar. Talatin da biyar ba ta rabuwa shida ba tare da ragowa ba, dattawa suka fara cewa a yi ƙiyasi kawai, a ba yarinya igiya biyar ko shida a wuce wurin. Yaya ya ce a'a, yanzu bayani ya cika, amsa ɗaya ce tak, ba dalilin ƙiyasi. Ya karɓi igiyar ya ninka ta gida shida daidai, ya ɗaura ƙulli a kowane ninki. Aka auna wa Auta igiya biyar da ƙulli biyar, Hansai ma haka, ni da shi kowa sha ɗaya da ƙulli huɗu. Da aka zo kafa turken Auta sai ya miƙo mini shi da tabarya ya ce, "Kai ne malamin gona, kafa mana shi ya miƙe." Iyakar abin da ya faɗa mini ke nan a lokacin a kan duk abin da ya faru. Na kafa turken, da muka tashi na bi shi har gida na durƙusa na gaishe shi yadda ƙane ke gaida wansa.

Shekaru da yawa bayan haka, ya yi ritaya yana zaune a Kazaure, na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Yaya, don Allah, ranar nan ka san tana da ciki ne? Wata ce ta tsegunta maka?" Ya yi dariya ya ce, "Da na sani ai da na ce akwai. Ban san komai ba, Garba. Da a ce ta gama takaba babu komai, da ka yi asarar damina ɗaya a banza, da kuma har yau kana jin haushina. Amma ko a hakan, abin da na faɗa ranar daidai ne." Na daɗe ina juya wannan magana. Ni a da ina ganin haihuwar Auta ce ta ba shi gaskiya. Shi kuwa a wurinsa gaskiyarsa ta tsaya tun safiyar da ya karanta takardata, ko an haihu ko ba a haihu ba, domin abin da ya ce kawai shi ne ba mu sani ba, kuma ba mu sani ɗin ba.

Kada mai karatu ya zaci waliyyi nake kwatantawa. Zama da Yaya yana da gajiyarwa. Matarsa, Allah ya ba ta lafiya, takan ce in ka tambaye shi ko za a yi ruwa yau, sai ka yi wanka ka shanya kaya kafin ya gama jero abin da bai sani ba. Akwai lokutan da jiransa ya sa dama ta wuce shi, har fili ya taɓa rasawa a Kazaure yana tambayar inda ruwa ke bi da damina, wani ya riga shi. Na taɓa ce masa manomi ai ba ya jiran bayani ya cika kafin ya yi shuka. Ya ce haka ne, manomi yana shuka da tawakkali, kuma ya san tawakkali yake yi, in ya yi asara tasa ce. Abin da shi ba ya so shi ne mutum ya yi cinta ya kira ta amsa, musamman in wani ne zai ɗauki asarar.

Bai bar littafi ba, bai bar gini mai hawa ba. Rularsa ta katako tana wurin babbar 'yarsa. Ɗalibansa sun watsu, wasu sun zama manya a ofisoshi, kuma nakan haɗu da tsoho a wajen ɗaurin aure, da ya ji sunan gidanmu sai ya yi murmushi ya ce da saura. Ranar da aka zo rabon nasa gadon, limamin da ya gaji wancan ya tambaya ko magada su ke nan, kowa ya ce su ke nan. Ni ne na ce a dakata a tura mace ta tambaya, ko da yake matarsa ta haura sittin. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma sai da aka tambaya.

Gambar nan tana nan har yau a bakin hanya. Auta ta girma a wajen Gwiwa, ta yi aure, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar ƙanana. Igiya biyar da ƙulli biyar ɗin nan, haɗe da abin da ta gada na mahaifiyarta, su suka ciyar da yaran har suka kawo ƙarfi. Tun tana budurwa, duk kaka takan aika wa Yaya da damin gero na farko da aka ɗaure a gonar, domin an gaya mata shi ne ya tsaya mata tun tana ciki. Abin da ba a gaya mata ba shi ne wanda ya kusa cinye mata gonar. Gwaggo Delu ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah, Yaya ma haka, dattawan da suka halarta duk sun tafi. Da Yaya ya rasu sai damin ya juyo gidana, wai ni ne uban da ya rage mata. Dami ashirin da biyu ke nan na karɓa, na sa albarka, na yi shiru.

Na bana ya iso shekaranjiya, yana jingine a zaure, ban bari an sussuka shi ba. Auta ba ta yi karatun boko ba, amma babbar 'yarta malamar makaranta ce a Yankwashi, kuma tana karanta wannan shafi na jarida. 'Yata, ki karanta wa mahaifiyarki wannan tun daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake wurin da na yi maganar ƙirƙiro ciki. Shekara ashirin da biyu tana aiko mini da gero bisa labarin da aka ba ta, labarin kuwa da saura. Yanzu ya cika. In ta ji duka ta ce damin nawa ne, zan sa a sussuka. In ta ce a mayar, ni da kaina zan ɗauko shi in kawo mata har ƙofar ɗaki.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana abin da muka yanke ba tare da mun tambaya ba.